Fitila na ci, inji na barci: yadda na ɗaukar wa nod ɗina na Bitcoin mai gadi a Nima

Ina Tamale wurin ɗaurin auren wani abokina, tsakiyar Disambar 2023, ana cikin rabon goro da dabino, sai ga kiran Kawu daga Nima. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ya ce, "Kai yaro, abin nan naka fa ya ƙi karɓar kuɗi. Matar nan ta Amurka ta gwada har sau uku, ta gaji." Na ce, "Kawu, a tura wani ya leƙa ɗakina ya ga ko injin yana kunne." Aka tura ƙanena. Ya dawo ya ce fitila na ci, fanka na juyawa, komai lafiya lau. Sai na kwantar wa Kawu da hankali, na ce ƙila matsalar daga wajenta take, na koma cikin biki abina.

Ashe a lokacin injin ya riga ya kwana biyu ba ya aikin da na sa shi, kuma sai da ya ƙara wasu biyun kafin in dawo Akra in gani da idona.

Ga wanda bai saba da harkar ba, bari in ɗan warware. Bitcoin ba shi da ofishi, ba shi da manaja. Littafin ciniki ne guda ɗaya wanda dubban kwamfutoci a faɗin duniya kowace ke riƙe da kwafinta, kuma kowace kwamfuta irin wannan ita ake kira nod. Kusan duk minti 10 akan ƙara sabon shafi, wanda ake ce wa bulo. Kowane nod zai karɓa, ya bi lissafin da kansa, in ya ga daidai ne ya ɗora a kan na baya. Wannan jerin bulo ɗin shi ne bulokcen da kuke ji ana faɗi. Mai nod nasa na kansa kamar ɗan kasuwa ne mai sikelinsa: ba sai ya tambayi wani ko awon ya cika ba.

Ni gyaran waya da kwamfuta nake yi. Sha'awar abin ta kama ni ne bayan babban taron Bitcoin na Afirka da aka yi a nan Akra a Disambar 2022. Na sayi wata 'yar ƙaramar kwamfuta ta hannu a Tip Toe Lane, na haɗa mata faifan ajiya na waje mai terabait 1 ta igiyar USB, tunda littafin ya doshi gigabait 500 a lokacin, na cikin injin kuwa gigabait 128 ne kacal. Na sa Linux, na sa Bitcoin Core, na ɗora LND don Lightning, sannan BTCPay Server mai fitar da takardar biya. Kawu yana sayar da man kaɗe da sabulun salo da huluna, kuma yana da masu saye cikin 'yan Zango mazauna Amurka da Jamus. Wasu cikinsu suka fara biyan ƙananan kuɗi ta nan. Ba wani babban jari ba ne, sidi da momo su ne dai cinikin yau da kullum. Amma kuɗin da ke ciki ba nawa ba ne ni kaɗai, nan ne nauyin yake. Maganar ko mutum ya shiga harkar ko kada ya shiga, da abin da malamai suka ce, wannan zance ne na wata rana.

Lightning ɗin nan shi ne inda gizo ke saƙa. Za ka buɗe kwararo tsakaninka da wani nod, ka zuba kuɗi a ciki, ku riƙa tura wa juna nan take ba tare da an rubuta a babban littafi ba. Kowane ciniki yana haifar da sabuwar takardar lissafi tsakaninku, tsohuwar ta mutu. To idan abokin hulɗarka macuci ne, yana iya ɗauko tsohuwar takarda, wadda rabonsa ya fi yawa a cikinta, ya kai babban littafi. Tsarin ya ba ka wa'adi ka kama shi, in ka kama shi ma duk kuɗin kwararon sun zama naka. A LND wa'adin yana farawa daga bulo 144, wato kamar kwana ɗaya, har zuwa bulo 2016, kamar mako biyu, gwargwadon girman kwararon. Sharaɗin kawai nod ɗinka ya kasance idonsa biyu yana bin littafin. Nawa kwararon ƙanana ne, wa'adinsu gajere. Kwana huɗu ke nan ƙofa a buɗe.

Abin da ya faru kuwa abin dariya ne in ba a kanka ya faɗo ba. Dumso ya ɗan gifta, wuta ta ɗauke ta dawo, injin ya tashi da kansa kamar yadda na tsara. Sai dai ya riga faifan waje farkawa. Bitcoin Core ya duba inda littafinsa yake, ya tarar da wurin fayau, sai ya ɗauka yau aka haife shi. Ya kama sauke littafin daga bulo na farko na Janairun 2009, yana jibgewa a ƙaramin faifan ciki. Da na iso ya kai wajajen 2016, faifan saura ƙiris ya cika, ya lashe min datar da nake lissafin za ta kai ni ƙarshen wata. LND kuma yana gefe yana jiran littafi ya kammala, bai kula kowa ba. Duk wanda ya tambayi injin ko manhajar tana aiki, amsar ita ce e, tana aiki. Ƙanena bai yi ƙarya ba.

Allah Ya rufa asiri, ba wanda ya gwada tsohuwar takarda. Amma ɗaya daga cikin abokan hulɗata ya gaji da jira ya rufe kwararonmu da ƙarfi, kuma a wannan watan kuɗin rubuta ciniki a babban littafi ya yi tashin gwauron zabi saboda masu cusa hotuna da rubuce-rubucen nan na Ordinals. Ni na buɗe kwararon, don haka daga rabona aka cire kuɗin rufewa. Na biya Kawu daga aljihuna ban gaya masa ba. Matar Amurka kuma ta sayi man kaɗenta a wani wuri.

A Janairu na zauna na haɗa mai gadi. Kayan aikin duk kyauta ne, kuma su manyan kamfanoni ke amfani da su. Na farko Prometheus, wanda aka ƙirƙira a kamfanin SoundCloud a 2012. Aikinsa ɗaya ne: ya riƙa zagayawa lokaci-lokaci yana tambayar alƙaluma, yana rubutawa tare da lokacin da ya tambaya. Ba ya jiran a kawo masa rahoto, shi ke zuwa ya ƙwanƙwasa, saboda haka in ya ƙwanƙwasa ba a amsa ba, wannan ma labari ne, yana rubuta shi. A fayil ɗinsa mai suna prometheus.yml kake jera masa ƙofofin da zai bi da tazarar zagayen. Na sa masa daƙiƙa 15. In ba ka taɓa komai ba yana ajiye tarihin kwana 15 ne, ni na ƙara zuwa 90, don in riƙa kwatanta wannan watan da na baya.

Na biyu node_exporter, ɗan aiken da ke zaune a ƙofa mai lamba 9100 yana faɗin lafiyar injin kansa: sauran wuri a faifai, zafi, nauyin aiki, yawan datar da ta shiga da wadda ta fita. Kada sunan ya ruɗe ku, bai san komai a kan Bitcoin ba. Na uku Grafana, wadda wani ɗan Suwidin, Torkel Ödegaard, ya fara a 2014. Ita ke mayar da alƙaluman zane a allo, a ƙofa ta 3000. Akwai allo shiryayye mai lamba 1860 da za ka ɗauko ka ɗora, cikin minti biyu ka ga ɗakinka ya koma kamar wurin tuƙin jirgi.

Gaskiya na ɓata kusan mako ina kallon zanen nan ina jin daɗi, kafin in farga cewa da wannan allon na da shi a Disamba, da kore shar zai nuna min. Injin ai lafiyarsa lau a lokacin. Tambayar da ta dace ba a yi ta ba tukuna.

Bitcoin Core ba ya magana da Prometheus kai tsaye. Akwai 'yan aike shiryayyu da mutane suka rubuta, akwai kuma lndmon na masu LND. Ni dai na zaɓi in rubuta ɗan guntun umarni nawa, layi kamar talatin, don in san abin da ke ciki. Duk minti ɗaya yana tashi ya kira bitcoin-cli getblockchaininfo, ya ɗauko lambar bulon da nod ya kai da kuma ko yana cikin saukewar farko. Ya kira getconnectioncount ya ga maƙwabta nawa yake magana da su. Nod mai lafiya yakan nemi guda 10 da kansa ko ba wanda ya shigo masa daga waje. Ya kira lncli getinfo ya duba synced_to_chain, da yawan kwararon da ke raye da waɗanda suka suma. Sai ya zuba amsoshin a wani fayil da node_exporter ke karantawa, Prometheus ya kwashe a zagayensa. Abu ɗaya da zan ja kunne a kai: LND yana da mabuɗai iri-iri, a ba mai gadi readonly.macaroon, na kallo kawai. Ba a ba mai gadi mabuɗin sef.

Daga nan sai ƙararrawa. Alertmanager ke wannan aikin, kuma ya iya tura saƙo ta Telegram: ka je wurin BotFather ka buɗe ɗan saƙo, ya ba ka lambar sirri, ka liƙa a fayil, shi ke nan. A nan na tafka wautata ta biyu. Na ce tunda bulo na zuwa duk minti 10, in aka yi minti 30 babu sabo, a tashe ni. Wayyo. Daren farko sau biyu wayar ta yi kuka, na diro daga gado, na tarar ba abin da ya samu nod ɗin, duniya ce gaba ɗaya ke jiran bulo. Minti 10 ɗin nan matsakaici ne, ba alƙawari ba. Samun bulo kamar jiran tirotiro ne a Sakul, wani lokaci uku su zo a jere, wani lokaci ka bushe a tsaye. In ka buga lissafin, kusan bulo 5 cikin 100 sukan wuce minti 30, a bulo 144 na yini guda kuwa kusan sau bakwai ke nan. Ko awa guda cur ma takan faru sau biyu ko uku a mako. Kafin sati ya zagayo na kama kaina ina share saƙon ban karanta ba, matata kuma ta ce ko dai wayar ta kwana a falo ko ni da ita mu kwana can.

Gyaran shi ne in daina auna nod ɗina da agogo, in auna shi da sauran duniya. Shafin mempool.space yana da adireshin da ke ba ka lambar bulo na ƙarshe, lamba tsura ba ƙari. Umarnina yana ɗauko ta ya debe tawa. In an bar ni a baya da bulo 3 ko fiye, kuma abin ya ɗore minti 10, to a kira ni. Wannan sharaɗin na ɗorewa, wanda ake rubutawa da kalmar for a dokar Prometheus, shi ya dawo min da barcina. Da wannan doka ɗaya tak, abin Disamba da bai wuce kwata ɗaya na awa ba na sani, don tazarar ba 3 ba ce, dubban ɗaruruwa ce.

Sauran dokokin da na bari ba su da yawa. Faifan waje ya ɓace daga inda ake ɗaura shi. Sauran wuri ya gaza kashi 10 cikin 100. Maƙwabta sun gaza 4. LND ya ce bai daidaita da littafi ba har minti 15. Waɗannan su ke da izinin tashina da dare. Zafin inji, da ƙurar hunturu da ke toshe fanka, da lafiyar faifai da smartctl ke faɗi, waɗannan saƙon safe ne, in gani ina shan koko. Akwai kuma agogon injin, wanda mutane ke rainawa. Tsofaffin kwamfutocin nan ƙaramin batirinsu na ciki yakan mutu, wuta ta ɗauke su farka a wata shekara daban, alhali nod yana ƙin duk bulon da lokacinsa ya wuce agogonsa da fiye da awa 2. Batirin bai kai kuɗin wake da shinkafa na kwana biyu ba, na canza shi, na kuma sa ido a kan agogon.

Shi kansa ciwon na asali, layi ɗaya ya warkar da shi. A fayil ɗin da ke tada Bitcoin Core na ƙara RequiresMountsFor tare da wurin faifan, ma'ana in faifai bai hau ba, kada ka tashi sam. Na sayi ƙaramin UPS mai riƙe injin da na'urar intanet na ɗan lokaci, na haɗa shi da manhajar NUT don injin ya kashe kansa cikin natsuwa kafin batir ya ƙare. Mai gadi ba ya gyara ƙofa, sai dai ya ce maka ta karye.

Kada in manta da tsaro, don na ga samari suna wannan ganganci. Grafana tana zuwa da suna admin, kalmar sirri admin; a canza tun a shigar farko. Kada a buɗe ƙofa ta 3000 ko 9090 ko 8332 ga duniya don kawai a riƙa leƙawa daga waje. Ni ta WireGuard nake shiga daga wayata, wasu Tailscale suke sawa. Kuma don Allah a daina ɗaukar hoton allo mai nuna yawan kuɗi ana sawa a WhatsApp. A Zango muke, kowa ya san ɗakin kowa.

Na zauna ina ganin na gama, sai ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, farkon azumi. Kowa ya tuna ranar. Igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a gaɓar Kodebuwa, Gana da maƙwabtanta suka shiga duhu. Da na shiga ɗaki na buɗe allon ta cikin gida, sai na ga ja ko'ina: maƙwabta sun zube, kwararo duk sun suma, ƙararrawa huɗu suna ta bugawa. Wayata kuwa ko ƙyas. Mai gadin ya ga komai, ya yi ihu, amma hanyar da zai bi ya same ni ita ce ta yanke.

A ranar ban yi asarar komai ba, kuma ba na buƙatar a gaya min intanet ya tafi, duk gari maganar ake. Abin da ya tsaya min a rai daban ne. Da layin gidana ne kaɗai ya yanke, ko injin ya ƙone, ko ɓarawo ya ɗauke shi ina Tamale, shirun da zan ji daga wayata iri ɗaya ne sak da shirun lafiya. Na ɗauki mai gadi na kwantar da shi ɗaki ɗaya da kayan, a kan wuta ɗaya da layi ɗaya.

Maganin da masu wannan sana'a suka daɗe da sani shi ne a juya abin. Maimakon injin ya kira ka in akwai matsala, sai ya riƙa gaida wani na waje a kai a kai, ranar da gaisuwa ta yanke, na wajen ya neme ka. Na yi rajista a Healthchecks.io, suka ba ni wani adireshi. Duk minti 5 umarnina yana taɓa adireshin, amma sai in ya tabbatar faifai na nan, tazarar bulo ba ta kai 3 ba, LND kuma ya daidaita. In ɗaya ya kauce, ba ya gaisuwar. In aka yi minti 10 bayan lokaci ba a ji shi ba, saƙo ya fita daga can waje, inda dumso ɗinmu bai kai ba.

Saura matsala ɗaya: in irin ta 14 ga Maris ce, ni ma saƙon ba zai same ni ba. Sai na tuna ɗan Kawu da ke Hambag a Jamus, wanda shi ma yana ɗan taɓa harkar kwamfuta. Na sa shi cikin masu karɓar saƙon, da sharaɗin in ya ga ja ya kira ni ta layin waya na yau da kullum. Muka ƙara da abin da ya fi wannan muhimmanci. LND yana da abin da ake kira hasumiyar tsaro: wani nod dabam da kake tura wa rufaffun takardu, ba ya iya karanta su, ba ya iya taɓa kuɗinka, amma in wani ya kai tsohuwar takarda babban littafi kana barci, shi zai fito da hukuncin a madadinka. Ya kunna ta a nasa injin, ƙofa ta 9911, ni kuma na kunna wtclient a nawa na nuna masa ita. Fayil ɗin channel.backup shi ma yanzu duk sanda ya canza kwafinsa na tafiya can, kuma akwai dokar da ke ƙorafi in kwafin ya tsufa. Wannan fayil ɗin da kalmomi 24 na asali su ake farfaɗowa da su in inji ya mutu. Kada wanda ya kuskura ya dawo da tsohon kwafin channel.db, don nod ɗinka zai fito da tsohuwar takarda da hannunsa, a hukunta ka a matsayin macuci.

Kawu bai san Prometheus ba, bai kuma nemi ya sani ba. Da na yi masa bayani, cewa ya yi, "To shi wannan mai gadin naka, wa ya taɓa gwada shi ya ga ko yana jin motsi?" Ban da amsa a ranar. Tun daga lokacin, Asabar ɗin farko ta kowane wata, bayan na rufe shago, nakan zare igiyar intanet daga bayan injin da gangan, in ajiye waya a kan tebur in zuba mata ido. Wani watan faifan nake cirewa bayan na kashe injin, in kunna shi haka in ga ko zai yi gardama. A gwaji na uku ne na gano lambar sirrin Telegram da na canza ban sabunta ta a wuri ɗaya ba, wata guda cur rabin ƙararrawata bebe ne ban sani ba.

Watan jiya na manta ban gaya wa na Hambag cewa gwaji ne ba. Minti goma sha huɗu da zare igiya saƙo ya shigo, ban gama karantawa ba sai ga kiransa, yana haki, wai daga wurin aiki ya fito waje. Ya ce, "Yaya, nod ɗinka ya faɗi, kana ina?" Na ce ga ni zaune a gabansa, igiyar na hannuna. Ya yi shiru, sannan ya ce kuɗin kiran nan a cikin man kaɗen Kawu zan biya shi.